Nayagara a hunturu: ta Toronto za a bi ko ta Bafalo?

Ƙanina da ke karatu a Pittsburgh ya kira ni wata Laraba da daddare. Ya ce, "Yaya, mun samu hutun kwana uku, ni da abokaina biyu muna so mu je mu ga ruwan Nayagara. Ɗaya ya ce mu wuce har Toronto, ɗaya ya ce mu tsaya a Bafalo. Ya ka gani?" Na ce masa, kafin in ce komai, kowannenku ya ɗauko fasfonsa ya gaya min abin da ke ciki. Amsar da na ba shi a daren nan ce na faɗaɗa a nan, domin na yi wannan tafiya sau biyu cikin tsakiyar sanyi daga Columbus inda nake zaune, ta farko ta Bafalo ina ɗalibi, ta biyu ta Toronto tare da iyali.

Kogin Nayagara gajere ne, bai cika kilomita 60 ba. Yana kwaso ruwan tafkin Erie ya juye shi a tafkin Ontariyo, kuma shi ne iyaka tsakanin jihar New York ta Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Wajen tsakiyar tafiyarsa sai ƙasa ta yanke, ruwan ya tsirga cikin kwazazzabo. Matsirgar uku ce. Babbar ita ce Horseshoe, mai lanƙwasa kamar kofaton doki, tsayinta wajen mita 57, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke zubowa ta nan yake bi. Sai matsirgar Amurka, sai 'yar siririyar da ke gefenta mai suna Bridal Veil, wato mayafin amarya. Bafalo tana bakin tafkin Erie daidai inda kogin ya faro, kilomita 30 da 'yan kai daga matsirgar. Toronto kuwa tana bakin tafkin Ontariyo, kilomita 130 daga wurin. Duk wadda ka zaɓa birni ce a bakin tafki, kuma ruwa ɗaya za ka je gani, sai dai abin da za ka tarar ya sha bamban.

Takarda ce ke fara yanke hukunci. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Kanada kafin ya tsallaka gada, kuma bizar Amurka da ke hannunsa ba ta yi masa wannan aiki, ko da ta karatu ce ko ta aiki. Wanda ya samu katin zama na dindindin a Amurka, wanda muke kira girin kad, shi fasfonsa da katin sun ishe shi. Haka abin yake idan aka juya: mai zaman dindindin a Kanada wanda bai karɓi fasfon ƙasar ba sai ya nemi bizar Amurka. Bayan shiga kuma akwai maganar dawowa, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Ɗalibi ya duba ko bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, ko ta ƙare, ya kuma je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa a sa masa hannu a takardar tafiya kafin ya fita. Matar da za ta tsallaka da yara ba tare da mahaifinsu ba, ko miji ba tare da mahaifiyarsu ba, gara a riƙe wasiƙar amincewar ɗayan, domin jami'an shige da fice sukan tambaya. Duk abincin da ke cikin mota a faɗa idan an tambaya, musamman nama. Kilishin tsaraba da aka kawo daga gida a bar shi a gida.

Akwai wani tarko da nake so masu tasowa daga Michigan ko Chicago su kula da shi. Idan ka sa Nayagara a taswirar waya, sau da yawa hanyar da ta fi kusa ta cikin Kanada take bi, ta Detroit ko Port Huron. Wanda ba shi da biza ya duba hanyar tun kafin ya tada mota, ya zaɓi wadda ta zagayo ta Toledo da Cleveland. A garin Nayagara na Amurka ma layin hawa gadar Rainbow, wadda ke tsallakawa Kanada, yana nan a tsakiyar gari, kuma da zarar ka shiga shi ba ka da wurin juyawa sai ka gana da jami'ai.

To a ɗauka takardunka sun ba ka damar kowane ɓangare. Me za ka gani?

Matsirgar tana fuskantar Kanada ne. Wannan shi ne babban bambanci, kuma babu yadda ɓangaren Amurka zai yi da shi. Idan ka tsaya a bakin titin da ya bi gefen kwazazzabon ta Kanada, duka ukun suna gabanka kamar an shimfiɗa su, ka taka a ƙafa daga gadar Rainbow har Table Rock kana kallonsu. A Table Rock ɗin ne ruwan Horseshoe ke karyewa kusa da ƙafarka, tsakaninka da shi shingen ƙarfe ne kawai. Ranar da muka je, ɗiyata mai shekara bakwai ta riƙe shingen da safar hannunta ta yi shiru, can ta ɗago ta ce, "Baba, ruwan kore ne." Kore ne kuwa, shar, saboda ma'adinan duwatsu da suka narke a cikinsa, kuma a daidai gaɓar da yake lanƙwasawa santsi gare shi kamar gilashi kafin ya tarwatse ya koma fari. Feshinsa ya sauka a kan mayafinta ya daskare nan take, da muka shiga ciki sai da muka ɓanɓare shi yana ƙas-ƙas. Idan akwai rana, bakan gizo yakan fito wa masu kallo daga Kanada bayan azahar, masu kallo daga Amurka kuma da safe, tunda sai rana tana bayanka kake ganinsa.

Ɓangaren Amurka yana ba ka ruwan ne ta gefe da ta sama. Ba za ka samu wancan faffaɗan hoto ba, sai ɗan abin da hasumiyar kallo ta Prospect Point ta ba ka, wadda aka miƙo ta kan kwazazzabon. Amma kada kowa ya ce maka asara ce. Wurin gandun shaƙatawa ne na jiha da aka kafa a 1885, mafi tsufa irinsa a Amurka, kuma Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda suka tsara babban lambun tsakiyar birnin New York, su suka tsara shi. Shiga kyauta ne dare da rana duk shekara. Za ka tsallaka ƙaramar gada a kan ruwa mai tafasa zuwa Goat Island, tsibirin da ya raba Horseshoe da sauran biyun, ka shiga cikin bishiyoyi. A hunturu wannan tsibiri wani abu ne daban. Feshin da iska ke kwasowa yana daskarewa a kan duk abin da ya taɓa, rana bayan rana, har reshen da bai fi yatsa ba ya koma kaurin taɓarya, bishiyoyi su sunkuya da nauyi, fitilun hanya da bencina su zama fari fat ba ka gane siffarsu. Na je wurin da hantsi a watan Janairu, mutanen da na gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gemuna ya yi ƙanƙara, wayata ta mutu da caji fiye da rabi saboda sanyi, na mayar da ita aljihun ciki na ci gaba da kallo da ido. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gaban halittar Allah kamar wannan safiya ba. Abin da za a sani shi ne masu kula da gandun sukan rufe wasu wuraren tsayawa, irin su tsibirin Luna da Terrapin Point, idan santsi ya yi yawa, don haka wata rana za ka je ka tarar da igiya a gaban wurin da ka fi so.

Kowace shekara hotuna kan yaɗu ana cewa Nayagara ta daskare. Ba ta daskarewa. Ƙanƙara tana taruwa ne a gindinta da gefunanta, a matsirgar Amurka har ta yi tudu ta rufe duwatsun ƙasa, ruwa kuma yana ci gaba da gudu a bayanta. Lokacin da tarihi ya riƙe cewa ruwan ya tsaya da kansa shi ne ƙarshen Maris na 1848, da ƙanƙarar tafkin Erie ta toshe bakin kogin. Tun 1964 ake shimfiɗa wani dogon shinge mai yawo a bakin tafkin duk hunturu don rage ƙanƙarar da ke gangarowa. A da mutane kan sauka su yi yawo a kan gadar ƙanƙarar da ke haɗuwa a ƙasan matsirgar, har ranar 4 ga Fabrairu 1912 da ta karye ta tafi da mutum uku, daga nan aka hana. A Janairun 1938 ƙanƙara ta ture gadar ƙarfen da ke wurin, gadar Rainbow ta yanzu da aka buɗe a 1941 ita ta maye gurbinta. Wani abin kuma, ruwan da za ka gani a hunturu bai kai na bazara ba. Yarjejeniyar 1950 tsakanin ƙasashen biyu ta ce da rana a lokacin baƙi, daga Afrilu zuwa Oktoba, a bar aƙalla mita kubik 2,832 a kowace daƙiƙa su zubo, da dare da kuma hunturu a bar rabin haka, sauran a karkatar da su tashoshin wutar lantarki na Sir Adam Beck da Robert Moses. Rabin ma idan ka tsaya kusa da shi sai ka ji ƙasa tana rawa.

Jiragen ruwan da ke kai mutane gindin matsirgar, na Amurka da na Kanada duka, ba sa aiki a hunturu. Wanda burinsa shiga jirgin ne ya jira bazara. A abin da ya rage a buɗe, Kanada ta yi wa Amurka nisa, kuma a cikin sanyin da ke ƙasa da sifili wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin mutum ba ya iya wuce minti ashirin zuwa talatin a waje sai ya nemi inda zai ji ɗumi. A Table Rock akwai gini mai shaguna da banɗaki da wurin shan shayi, daga cikinsa kuma lif ke sauka mita 38 zuwa Journey Behind the Falls, ramukan da aka haƙa cikin dutse har bayan ruwan. Gaba kaɗan akwai tsohuwar tashar lantarki ta 1905 da aka mayar gidan kallo a 2021, inda za ka bi rami mai tsawon mita 670 ka ɓulla a bakin kogi ƙasan Horseshoe. Akwai hasumiyar Skylon, akwai gidan malam-buɗe-littafi mai ɗumi da danshi kamar damina, wanda yarana suka ƙi fitowa daga cikinsa. Daga tsakiyar Nuwamba har bayan sabuwar shekara ana bikin fitilu a bakin titin. Ta Amurka kuwa, Cave of the Winds yana buɗe, amma dandamalin katakon da ke kai mutum gindin Bridal Veil cire mafi yawansa ake yi kafin sanyi a sake kafawa da bazara, saboda haka ɗan taƙaitaccen kallo za ka samu. Haska matsirgar da fitilu masu launi kowane dare ne duk shekara, sai dai nan ma daga Kanada aka fi ganinsa sosai.

Abu ɗaya da ɓangaren Amurka ke da shi wanda nake roƙon kowane baƙar fata ya shiga shi ne gidan tarihin bayin da suka tsere, wanda aka buɗe a 2018 cikin tsohon ginin kwastan na 1863, jikin tashar jirgin ƙasa. A daidai nan ne gadar da John Roebling ya gina ta taɓa tsallaka kogin, kuma ta kanta Harriet Tubman ta ratsa da mutanen da ta kuɓutar zuwa Kanada, inda ita kanta ta zauna a garin St. Catharines a shekarun 1850. Bayan na fito daga wurin, kallon da nake yi wa kogin ya canza.

Sai biranen. Toronto birni ne na mutum kusan miliyan 2.8 a ƙidayar 2021, kuma an gina tsakiyarsa da sanin sanyi. Akwai hanyoyin ƙafa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira PATH, sama da kilomita 30, da suka haɗa tashar jirgin ƙasa ta Union da manyan gine-gine. A kula, yawancin shagunan ciki na ma'aikatan ofis ne, Asabar da Lahadi a rufe suke, amma hanyar tana nan da ɗuminta. Hasumiyar CN mai mita 553 da gidan kifayen da ke gindinta tafiyar ƙafa ce daga Union. Idan gari ya yi hazo kada ka kashe kuɗin hawa, ba abin da za ka gani. Kasuwar St. Lawrence tana cika ranar Asabar da safe. Wurin da ya fi zama a raina shi ne gidan tarihin Aga Khan da aka buɗe a 2014 a arewa maso gabashin birnin, inda aka ajiye tsofaffin rubutattun Alƙur'ani da kayan ilimin taurari da tukwane daga ƙasashen Musulmi. Uwargida ta daɗe a gaban wani shafi tana bin rubutun da ido tana karantawa a hankali. Abincin halal kuwa a Toronto ba nemansa ake ba, kusan kowane titi akwai, kuma akwai masallatai har a tsakiyar gari. Farashin wannan duka shi ne cunkoso a titin Gardiner, kuɗin fakin mai zafi, da harajin kashi 13 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kusan duk abin da ka saya. Abin da ke rage raɗaɗin ga mai albashin Amurka shi ne dalar Kanada ba ta kai tasa ba.

Bafalo ƙarama ce, mutanenta ba su kai dubu 300 ba. Tsohon birnin masana'antu ne da ya yi arziki da mashigin Erie na 1825 da cinikin hatsi, har yau manyan rumbunan siminti suna tsaye a bakin ruwa. Ita ce aka jawo wa wutar lantarki daga Nayagara a 1896 bisa tsarin Nikola Tesla, shi ya sa za ka ga gunkinsa a ɓangarorin biyu na matsirgar. Akwai gidan zane-zane na AKG da aka sake buɗewa a 2023, akwai gidan Darwin Martin da Frank Lloyd Wright ya zana, akwai filin zamiya a kan ƙanƙara a Canalside. Fukafukin kaji mai yaji da aka sani da sunan garin nan aka fara shi a 1964, kuma za ka samu na halal idan ka tambaya, domin 'yan Bangladesh sun cika gabashin birnin, 'yan Yaman kuma sun daɗe a Lackawanna da masallatansu. Yini ɗaya ya isa ka ga Bafalo. Fakin ba wahala, masauki da sauƙi, kuma minti talatin zuwa arba'in ya kai ka bakin ruwa. Garin Nayagara na Amurka shi kansa, da zarar ka bar gandun, shiru ne a hunturu, gidajen abinci da yawa a rufe.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi, hanya. Bafalo tana samun dusar ƙanƙara wajen santimita 240 a shekara, kusan ninki biyu na Toronto, kuma dalilin tafkin ne. Iska mai tsananin sanyi tana ratsa saman ruwan da bai riga ya daskare ba, ta kwashi danshi, ta zo ta juye shi a gaɓar gabas da kudu. Toronto tana gefen da iskar ke tasowa, Bafalo tana gefen da take saukewa. Abin ya fi tsanani daga Nuwamba zuwa Janairu, yakan lafa idan Erie ya daskare, kasancewarsa mafi rashin zurfi cikin manyan tafkunan biyar. Dusar tana zuwa ne a siririn layi: nan rana, kilomita biyar gaba ba ka ganin bonet ɗin motarka. A Nuwamban 2022 garin Hamburg da ke kudu da Bafalo ya samu mita 2 da ɗoriya cikin 'yan kwanaki, sannan a Disambar shekarar guguwar da ta zo daf da Kirsimeti ta kashe sama da mutum 40 a yankin, wasunsu a cikin motocinsu. A irin wannan lokaci hukuma kan rufe babbar hanyar I-90 ta hana tuƙi gaba ɗaya.

Mun ɗanɗana kaɗan daga ciki a dawowarmu, bayan mun wuce garin Erie na Pennsylvania. Sama garau, sai muka hango wani farin bango a gaba ya tsaya kan titi. Muna shiga komai ya ɓace, layin titi, allunan hanya, gefen daji, sai jajayen fitilu biyu na tirelar da ke gabana. Na sauke gudu, tafin hannuna yana zufa a kan sitiyari, uwargida tana ta maimaita "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," yara sun yi tsit a baya. Da na samu mafita ta farko na sauka, muka zauna a wani gidan mai fiye da awa ɗaya har layin ya gusa.

Abin lura shi ne, wanda ya taso daga Ohio ko Pennsylvania zai ratsa wannan yanki ko Bafalo ya nufa ko Toronto. Daga Columbus zuwa Bafalo awa biyar ne, daga Pittsburgh uku da rabi, daga birnin New York kusan bakwai. Toronto tana ƙara wajen awa biyu a kai, har da tsayuwar iyaka a gadar Peace da ke Bafalo. A hutun Asabar da Lahadi kaɗai, awa huɗun nan na zuwa da dawowa su ne za su cinye maka ganin gari. Ana iya bi ta Detroit a hau hanya ta 401, sai dai can ma tafkin Huron yana jefo tasa dusar wajen birnin London na Ontariyo. Tsakanin Toronto da Nayagara hanyar QEW ce, awa ɗaya da rabi idan ba cunkoso, ana share ta ana zuba gishiri a kan kari, amma a yi hattara da dogayen gadojin Burlington da St. Catharines idan ana iska, kuma gada ita ke fara daskarewa kafin titi.

Tayoyin hunturu dole ne a lardin Kebek daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontariyo da New York ba dole ba ne, kuma yawancin motocin haya tayar kowane yanayi ce a jikinsu, wadda ke taurarewa idan sanyi ya yi tsanani. Mai motar haya ya gaya wa kamfanin cewa zai tsallaka iyaka. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. A cika ruwan wanke gilashi irin wanda ba ya daskarewa, a riƙe wani galan a but, domin gishirin titi yana rufe gilashin gaba cikin 'yan mintuna. Bargo, ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, filas na shayi, dabino da biskit, wayar caji. Idan aka maƙale, a zauna cikin mota, a riƙa fita ana share bakin salansa don kada hayaƙi ya koma ciki. Jihar New York da lardin Ontariyo kowanne yana da shafin 511 mai nuna halin hanya, a duba shi daren tafiya a sake dubawa da asuba. Idan an yi gargaɗin dusar tafki, a ɗage tafiyar, shi ya sa ya fi kyau a kama ɗakin da ake iya fasawa ba asara. Da ka tsallaka Kanada allunan gudu sun koma kilomita, 100 da ka gani ba mil ba ne.

Wanda ke zaune a Toronto ko ya sauka can ta jirgin sama, shi ma mota ba dole ba ce. Jirgin ƙasa na GO yana tashi daga Union zuwa Nayagara, tafiyar awa biyu da ɗoriya, sannan motocin bas na WEGO su kai shi bakin ruwa. Ga wanda bai saba tuƙi a kan ƙanƙara ba, musamman wanda wannan ne hunturunsa na farko, jirgin nake ba shi shawara ba tare da wata-wata ba.

Ina za a kwana? Idan ta Kanada aka bi, ni a ganina dare ɗaya a Toronto, dare ɗaya a Nayagara. Otal-otal ɗin da ke kan tudun Fallsview suna da ɗakunan da tagarsu ke kallon Horseshoe kai tsaye, kuma kuɗinsu yana faɗuwa sosai a Janairu da Fabrairu, ban da makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun Litinin ta uku a Fabrairu, wanda ya zo ɗaya a ƙasashen biyu. Ga mai tafiya da tsohuwa ko jariri wannan ɗaki shi ne rabin tafiyar, tunda Hajiya za ta zauna cikin ɗumi da kofin shayinta ta ga komai, safe da dare. Akwai ɗan jirgin gangara da ke sauko da mutane daga tudun zuwa Table Rock. A tambayi kuɗin fakin da sauran ƙarin da ake ɗorawa kafin a biya, domin sukan kumbura lissafi. A kuma san cewa unguwar akwai gidajen caca da hayaniyar Clifton Hill, mai iyali ya zaɓi masaukinsa da wannan a rai.

Rana gajera ce. A Disamba tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, La'asar tana shiga tun kafin uku, don haka Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa ne a jere cikin awannin da kake waje. Rangwamen matafiyi yana da amfani a nan, kuma yin alwala a masauki kafin a sa safa biyu da manyan takalma yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Ga abin da na ce wa ƙanina. Cikin su uku, ɗaya ne kaɗai ke da bizar Kanada, saboda haka maganar Toronto ta faɗi da kanta, kuma na ce kada su ji kamar sun yi rashi. Su tashi Pittsburgh da asubar Asabar idan hasashen yanayi ya yi kyau, su isa Goat Island kafin azahar, su shiga gidan tarihin bayi su ji ɗumi, su koma Prospect Point da magariba su ga fitilu, su kwana a Bafalo, Lahadi su zaga gari su kama hanya da rana tsaka. Da a ce duka suna da takarda kuma kwana ukun cikakku ne, Toronto zan tura su, don faɗin kallon da yawan wuraren fakewa daga sanyi da sauƙin abinci. Mai iyali da yara ƙanana ko dattawa, shi ma Kanada, in dai takarda ta yarda. Mai kwana biyu kacal da doguwar hanya a gabansa kuwa, ko da yana da biza, ya bar Toronto zuwa wani karo: ya ajiye mota ta Amurka, ya taka gadar Rainbow a ƙafa da fasfonsa, ya yi yininsa a Table Rock, ya dawo da 'yan canjin da ake biya a ƙofar gada ta Kanada. Na kuma ja masa kunne cewa ko ta ina suka bi, su wuce tsakanin Bafalo da garin Erie kafin duhu ya yi, ya kira ni idan sun wuce.